Nazarin Girgizar Ƙasa da Duwatsu Masu Aman Wuta: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye Suke Yi a Jos

Tun da ƙasa ta motsa a Mpape da ke Abuja a 2018, tambayoyi kan wannan fanni suka ƙaru a nan Jos. Masu shirin JAMB suna yi, waɗanda suka gama digirin farko a Fiziks ko Jiyoloji suna yi, iyayen da za su biya kuɗin makaranta su ma ba a bar su a baya ba. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda bayani ya haɗu da wata amsa, an nuna lambarta.

1. Malam, mene ne aikin masanin jiyofiziks, kuma me ya raba shi da masanin jiyoloji?

Masanin jiyoloji yana karanta dutsen da idonsa ya gani. Ya fasa da guduma, ya duba launi da ƙwayoyinsa, ya kai ɗakin gwaji. Masanin jiyofiziks kuwa abin da ido bai kai ba yake nema. Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa, wanda ke Kola a Rasha, ya tsaya a kilomita 12 da 'yan kai, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kusan kilomita 6,371 ne. Abin da muka sani game da sauran zurfin, daga sama aka auna shi: da girgiza, da maganaɗisu, da ƙarfin jan ƙasa, da lantarki, da zafi.

Mutum biyun ba sa rabuwa a aiki. Na'ura za ta ce maka akwai wani abu a zurfin kilomita biyar da ke rage gudun girgiza, amma wanda ya san duwatsun yankin ne zai taimaka a gane ko narkakken dutse ne, ko tsaga ce mai ruwa.

2. Su waɗannan igiyoyin girgiza, mene ne su?

Ka lura da mai sayen kankana: yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, daga ƙarar da ta dawo ya san abin da ke ciki ba tare da ya yanka ba. Haka muke yi da duniya, sai dai girgizar ƙasa ce ke yi mana ƙwanƙwasawar. Idan dutse ya tsage ya zame a can ƙasa, ƙarfin da ya daɗe yana taruwa yakan bazu ta kowane ɓangare. Wannan bazuwar ita ce igiyar girgiza.

Ta farko da ke isowa ita ce igiyar P, mai turawa da janyewa, tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa cikin ɓawon ƙasa, kuma tana ratsa dutse da ruwa. Ta biyu ita ce S, mai karkaɗawa gefe da gefe, gudunta kimanin kilomita 3.5 a daƙiƙa, kuma ba ta ratsa abu mai ruwa-ruwa sam. Daga baya sai masu bin doron ƙasa su iso. Su ne masu nawa, amma sau da yawa su ne suka fi jijjiga gini.

Da waɗannan igiyoyin aka gano tsarin cikin duniya. Richard Oldham ya nuna alamar cibiyar ƙasa a 1906. Andrija Mohorovičić ya gano iyakar ɓawon ƙasa a 1909, bayan wata girgiza kusa da Zagreb. Beno Gutenberg ya auna cewa cibiyar tana farawa a zurfin kusan kilomita 2,900. Rashin wucewar igiyar S ta wannan wurin ne ya tabbatar da cewa ɓangaren wajen cibiyar narkakke ne. A 1936 Inge Lehmann, 'yar ƙasar Denmark, ta gano cewa a cikin narkakken akwai wata cibiya ta daban.

3. Yaya ake sanin inda girgiza ta faru da kuma girmanta?

Tunda P ta fi S sauri, tazarar da ke tsakanin isowarsu tana ƙaruwa da nisa. Ga girgizar da ke kusa, idan ka ninka daƙiƙoƙin tazarar sau 8, za ka sami kimanin nisan a kilomita. Tazarar daƙiƙa 10 ke nan tana nufin kusan kilomita 80. Sai dai tasha ɗaya nisa za ta ba ka, ba wuri ba. Sai an sami aƙalla tashoshi uku, a zana da'ira kewaye da kowace, inda suka haɗu nan ne wurin. Ka riƙe wannan magana ta tashoshi uku, za ta dawo a amsa ta 6.

Batun girma kuma, ma'aunin da Charles Richter ya fito da shi a 1935 ne sunansa ya zauna a bakin mutane, ko da yake masana yanzu sun fi amfani da wani ma'auni da ya gaje shi. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Don haka girgiza mai maki 7 ta fi mai maki 5 ƙarfi kusan sau 1,000.

4. Da gaske akwai duwatsu masu aman wuta a Filato, ko dai zance ne?

Da gaske ne, kuma kana iya zuwa ka taka su. A ƙaramar hukumar Mangu, yankin Panyam da Kerang da Ampang, akwai jerin tsaunuka masu siffar tulin hatsi da ƙoƙo a samansu. Ɗaya daga cikinsu, Pidong, ruwa ya taru a ƙoƙonsa ya zama tafki. Idan ka ɗauki dutse a gindin Kerang za ka ji shi ba nauyi, ja-ja ko baƙi, duk jikinsa ramuka. Ramukan gurbin iskar da ta fita ne lokacin da dutsen yake narke yana tafasa. Akwai irinsu a wajen Vom da Miango, sannan a Kahwang ta ƙaramar hukumar Riyom baƙin dutsen da ya malalo ya huce ya tsattsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa, tsaye a jere. Dutsen Wase ma toshiyar maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta ne, wanda zaizaya ta cinye jikinsa ta bar tsakiyar. Can a Borno, tudun Biu yana da nasa, har da tafkin Tilla.

Amma kada a haɗa su da manyan duwatsun cikin garin Jos da tsaunukan Shere. Waɗannan sun haura shekara miliyan 160, saiwoyin wasu tsofaffin duwatsu ne da suka ƙare tuntuni, kuma su ne suka ba mu kuzar da ta kafa garin nan. Na Mangu yara ne a kansu. Awon da aka yi wa wasunsu ya ba da kimanin shekara miliyan ɗaya zuwa biyu da ɗoriya. Maɓuɓɓugan ruwan Kerang da jar ƙasar da ke ba da dankalin Turawa da masara a yankin, duk gadon wannan aman wuta ne.

5. Za su iya sake fashewa?

Babu rubutaccen tarihin fashewar ko ɗaya daga cikinsu, kuma babu dalilin da zai sa mutumin Kerang ya kasa barci. Amma ni ba na son a rufe maganar da cewa sun mutu, shi ke nan. Dutsen da zai farka yakan ba da alamu: ƙananan girgiza su yawaita a ƙarƙashinsa, doron ƙasa ya kumbura kaɗan, zafi da sinadaran maɓuɓɓugan ruwa su canza, iskar da ke fita ta ƙaru. Ba za ka ce alama ta canza ba sai ka san yadda take a da. Abin da ya dace shi ne a yi shekaru ana auna waɗannan abubuwa yanzu da komai ke lafiya. Aiki ne marar hayaniya, ba mai sa suna a jarida ba, kuma shi ne muka fi buƙata.

6. An ce Nijeriya ba ta cikin yankin girgizar ƙasa. To me ya faru a Mpape?

Ɓawon ƙasa a rarrabe yake zuwa manyan faya-fayai masu motsi a hankali, kuma manyan girgiza sun fi faruwa a inda faya-fayan suke gogayya, kamar Japan da Indunusiya da Turkiyya. Nijeriya tana zaune a tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa rabonmu kaɗan ne. Amma kaɗan ba babu ba ne. An ji girgizar Accra ta 1939 a kudancin ƙasar nan. An yi motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016, a Mpape da kewayen Maitama a Satumban 2018, sannan Mpape ta sake motsawa a Satumban 2024. Akwai tsofaffin tsagogi a ƙarƙashinmu, wadda aka fi ambata ita ce mai bi daga Ifewara zuwa Zungeru, kuma matsin da ke cikin faifan yakan sa su ɗan zame.

A Mpape mutane da yawa sun ɗora laifin kan masu fasa dutse da nakiya. Tambaya ce mai kyau, kuma na'ura tana iya amsa ta. Fashewar nakiya a saman ƙasa take faruwa, galibi da rana a lokutan aiki, kuma motsinta na farko turawa ne waje ta kowane ɓangare. Zamewar tsaga kuwa tana da zurfi, ba ta zaɓen lokaci, tana tura ƙasa a wasu tashoshi ta janye ta a wasu, kuma igiyarta ta S tana da ƙarfi. Matsalar ita ce ƙaramar girgiza ba ta bayyana sosai a tasha mai nisa. Idan babu tashoshi da dama kusa da wurin, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 3, zurfi da wuri sukan zama kirdado, gardama kuma ta ci gaba. Cibiyar da ke Toro a kan hanyar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana kula da tashoshi a wurare irin su Toro da Kaduna da Ile-Ife da Nsukka, hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta Nijeriya, NGSA, ma tana da nata na'urori. Ga ƙasa mai faɗin tamu, har yanzu da sauran aiki babba.

7. Me ya haɗa mu da tafkin Nyos da ke Kamaru?

Ruwa da maƙwabtaka. Daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos, wanda ke cikin ƙoƙon dutse mai aman wuta, ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka ta kashe sama da mutum 1,700 da dubban dabbobi, yawancinsu suna barci. Shekara biyu kafin nan, tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Tun 2001 aka fara sa bututun da ke fitar da iskar a hankali.

Ruwan Nyos yana gangarowa zuwa kogin Katsina-Ala. Tsoron ɓallewar bangon tafkin na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba. Ga kuma Dutsen Kamaru kusa da Buea, mai tsayin sama da mita 4,000, wanda ya yi amai a 1999 da 2000. Ɗalibin da ke son ganin dutse mai rai ba sai ya tsallaka teku ba.

8. Za ku iya faɗin ranar da girgiza za ta faru?

A'a. Babu masanin da zai iya faɗin rana da wuri da girman girgiza kafin ta faru, kuma duk saƙon WhatsApp da ya ce gobe da ƙarfe kaza ƙasa za ta girgiza ƙarya ne, kada ka tura wa kowa. Abin da ake iyawa shi ne a nuna wuraren da suka fi haɗari don a gina da ƙwari. A Japan da Meziko kuma ana amfani da saurin igiyar P a aika gargaɗi na 'yan daƙiƙoƙi kafin mai ɓarnar ta iso.

Dutse mai aman wuta ya fi ba da dama, saboda alamun da aka lissafa a amsa ta 5. A 1991 masanan Filifin da na Amurka sun bi motsin dutsen Pinatubo na Filifin na tsawon makonni, aka kwashe dubban mutane kafin babbar fashewar watan Yuni. A Kolombiya kuwa, a 1985, an zana taswirar haɗarin dutsen Nevado del Ruiz, amma ba a kwashe mutanen Armero ba, laka ta binne garin, kimanin mutum 23,000 suka mutu. Duk mai shiga wannan fanni ya kamata ya san labarin Armero, domin rabin aikin shi ne iya yi wa hukuma da jama'a bayanin da za su gane su yi aiki da shi.

9. Malam, wannan ilimi bai ci karo da imani ba?

Ban ga karon ba. Auna yadda abu yake faruwa ba musun wanda ya ƙaddara shi ba ne. Muna duba hadari mu gyara rufin ɗaki, ba wanda ya ce mun yi jayayya da ikon Allah. A nan Jos Musulmi da Kirista suna zama aji ɗaya suna karanta wannan fanni, kowa da ibadarsa.

10. Me zan karanta tun daga sakandare?

Ƙanina, riƙe Lissafi da Fiziks da hannu biyu, ka haɗa da Kemistiri. Wanda ke gudun lissafi zai sha wuya, domin igiyoyin nan da lissafi ake karanta su. A digirin farko kana iya shiga ta Jiyofiziks kai tsaye, kamar a jami'o'in fasaha na Akure da Minna, ko ta Fiziks, ko ta Jiyoloji kamar a Jami'ar Jos da ABU Zariya. Wanda ya zo ta Fiziks ya nemi sanin dutse, wanda ya zo ta Jiyoloji ya ƙara lissafi. Ƙwarewa a girgiza ko aman wuta a digiri na biyu da na digirgir take zuwa.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai da wuri ba shi ne rubuta manhajar kwamfuta. Ka koyi Python tun kana aji biyu. Da ita da ObsPy, manhajar nazarin girgiza wadda kyauta ce, za ka buɗe bayanan girgiza na gaske a kan kwamfutarka. Duba amsa ta 12.

11. Yaya aikin yake a zahiri? Kullum kan dutse ake?

Mafi yawan shekara a gaban kwamfuta ake, ana tace bayanai, ana rubutu, ana neman kuɗin bincike, ana koyarwa. Fita daji 'yan makonni ne, amma duk abin da za a yi daga baya a kansu ya dogara.

Kafa tasha ɗaya yakan fara ne da gaisuwa. Sai ka je wurin dagaci ko mai unguwa ka yi bayani, domin baƙo da ya zo da akwati da wayoyi yana haƙa rami a Filato, abin da za a fara zato shi ne kuza yake nema. Sannan a zaɓi wuri nesa da titi da injin niƙa da manyan itatuwa, don iska na kaɗa itace saiwarsa ta girgiza ƙasa. A haƙa har a taɓa dutse, a zuba siminti ya bushe. A ɗora na'urar, ana murɗa ƙafafunta uku a hankali har ɗigon iskar da ke cikin gilashin awo ya tsaya a tsakiya cif. A daidaita ta da arewa ta gaskiya, a rufe ta da abin da zai hana zafin rana da sanyin dare shiga, a haɗa batir da sola da eriyar GPS da ke ba da lokaci. Kuskuren daƙiƙa ɗaya a agogo yana iya kautar da wurin girgiza da kilomitoci. Kafin a tafi, mutum ɗaya ya matsa gefe ya buga ƙafa a ƙasa, a ga layuka uku sun yi tsalle a fuskar kwamfuta. Bayan nan sauran aikin na gara ne da ruwan damina da tsawa da masu sha'awar sola. Tashar da mutanen gari suka ɗauka tasu ce ta fi daɗewa.

12. Idan girgiza ba ta da yawa a nan, da me zan yi bincike?

Da girgizar wasu ƙasashe, na ɗaya. Lokacin da girgiza mai maki 7.8 ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023, igiyar P ba ta buƙaci fiye da kimanin minti 7 ba kafin ta iso ƙarƙashin Filato. Irin wannan igiya tana shigowa daga ƙasa ta ratsa ɓawon da muke kai, kuma daga yadda ta canza ana auna kaurin ɓawon da abin da ke cikinsa. Na biyu, ƙasa ba ta taɓa tsayawa cik. Igiyar teku da ke dukan gaɓa tana aika ƙaramin motsi dare da rana, kuma tun wajen 2005 masana suke haɗa wannan motsi tsakanin tashoshi biyu su zana hoton ƙarƙashin ƙasa ba tare da jiran girgiza ba. Hanyar ta dace da mu ƙwarai.

Bayanan tashoshin duniya da yawa kyauta ne a intanet ta hannun EarthScope, jerin girgiza yana shafin USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-1 masu nuna kumburi ko nutsewar ƙasa su ma kyauta ne. Tambayoyin gida kuwa suna nan jibge: me ke ƙarƙashin jerin tsaunukan Panyam, wace tsaga ce ke motsi a arewacin Abuja, wace unguwa ce ƙasarta ke ƙara wa girgiza ƙarfi. Na fi son in ga ɗalibi ya amsa ɗaya daga cikin waɗannan da kyau, a kan ya maimaita binciken neman ruwa da aka yi sau ɗari.

13. Aikin yana da haɗari?

Ga masu hawa bakin dutse mai rai, yana da shi. Masani David Johnston ya mutu a fashewar dutsen St. Helens a Amurka ranar 18 ga Mayu 1980. Maurice da Katia Krafft sun mutu a Unzen ta Japan a 1991. A 1993 fashewar dutsen Galeras ta kashe masana shida a Kolombiya. Wannan ya sa yanzu ake dogara da na'urori masu aiko da bayani daga nesa. A namu yankin abin kiyayewa shi ne hanya, da maciji, da tsofaffin ramukan kuza, da yanayin tsaro. Ba a fita sai an tambayi mutanen gari.

14. Malam, ɗana ya nace sai wannan fanni. Zai ci abinci da shi kuwa?

Alhaji, gaskiya ɗaya ce: gurbin mai nazarin aman wuta zalla kaɗan ne a Nijeriya, kuma albashin bincike ba ya sa mutum ya yi arziki. Amma hannun da ya iya karanta igiyar girgiza ba ya rasa abin yi. Da ita kamfanonin mai suke neman fetur da gas. Ana buƙatarsa wajen neman ruwa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, wajen neman ma'adinai, wajen gwada ƙasa kafin a gina madatsa ko gada ko dogon bene. Akwai jami'o'i, da NGSA, da cibiyar Toro, da cibiyar koyar da haƙar ma'adinai da kimiyyar ƙasa da ke nan Jos. A Kenya, a Olkaria, da zafin ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta ake samar da wutar lantarki, kuma masana irinsa ne ke nuna inda za a haƙa.

Idan ya yi ƙoƙari, akwai tallafin karatu na PTDF da TETFund, da cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, da shirin AfricaArray da ke horar da 'yan Afirka a wannan fanni. Idan zai yi aikin kansa, ya yi rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana kimiyyar ƙasa rajista. A bar shi ya gwada, a kuma ƙarfafa masa gwiwar dawowa gida idan ya fita, domin tashoshin da aka ambata a amsa ta 6 suna buƙatar mai zama da su shekara da shekaru.

15. Ni mace ce. Akwai wurina a ciki?

Akwai, 'yar'uwa. Matar da ta gano cibiyar cikin duniya tana cikin amsa ta 2, kuma da lissafin hannu ta yi aikin, kafin zamanin kwamfuta. Yawancin aikin yau na nazari ne, ana yin sa daga ofis ko gida. Fita daji a ƙungiya ake yi. Ki tambaya tun farko yadda aka tsara masauki da tafiya, haƙƙinki ne, kuma iyaye sukan natsu idan malamin da ke jagorantar tafiyar ya yi musu bayani da bakinsa.

16. Idan na ji ƙasa ta motsa a unguwarmu, me zan yi?

Idan kana cikin ɗaki, ka durƙusa ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙwari ko ka kare kanka da wuyanka, nesa da taga da kabad, har motsin ya tsaya. Kada ka ruga kan matakalar bene ana cikin girgiza. Idan a waje kake, ka nisanci katanga da turakun lantarki. Bayan ya lafa, a duba bango da tukunyar gas kafin a kunna wuta.

Daga nan akwai taimakon da za ka yi wa masu bincike, musamman a wurin da babu tasha kusa. Ka duba agogon wayarka ka rubuta lokacin har da minti. Ka rubuta unguwa da layi, da ko kana bene ko ƙasa, da ko ka ji ƙara kafin motsin ko tare da shi, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ka lura ko kwanuka sun yi ƙara, ko fanka ta yi lilo, ko masu barci sun farka. Ka ɗauki hoton duk sabuwar tsaga a bango, da kwabo ko biro a gefenta don a ga girmanta. Idan akwai wurin fasa dutse kusa, ka tambaya ko sun saki nakiya a wannan lokacin. Sai ka miƙa bayanin ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiharku, ko ofishin NGSA, ko sashen Jiyoloji ko Fiziks na jami'a mafi kusa. Da irin waɗannan rahotanni daga gidaje da yawa ake zana taswirar inda motsin ya fi ƙarfi, a san inda ya kamata a kai na'ura.